Yatsan Ya Falmata da Kwalbar Humra

A wannan watan ake cika shekara shida da aka fita da gawar Ya Falmata daga gidanta na unguwar Bulumkutu, mu mata muna tsaye a tsakar gida muna kallo har maza suka sha kwana da ita. Duk shekara in watan ya kama nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye, don akwai wata takarda tsakanina da ita da ban so kowa ya ji labarinta ba. Bana wani abu ya same ni a makaranta da ya sa na ga ɓoyon ya isa haka. Zan zo kansa, amma bari in fara da ita.

Ya Falmata malamar aji ɗaya ce a firamaren da nake koyarwa har yau. Babarbariya ce gaba da baya, haifaffiyar tsohon garin Maiduguri. Ni kuwa iyayena Fulanin Kano ne da fatauci ya kawo su Borno, kuma duk wanda ya san wasan Fulani da Barebari ya san abin da zai biyo baya. Ranar da na fara aiki ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, ta ce wa hedimasta ta gode, ashe gwamnati ta tuna da ita ta aiko mata da baiwa mai ɗaukar jaka. Na ce mata tunda nake ban taɓa jin inda bawa ya mallaki ubangijinsa ba. Ta yi dariya har da dafa bango. Daga ranar ba ta sake kiran sunana ba, sai dai Fulata.

A hannunta na koyi aikin nan. Kwaleji ta ba ni takarda ne kawai. Ita ta nuna mini yadda ake riƙe alli kada ya yi ƙara, da yadda ake rubutu a allo ba tare da an ba yara baya gaba ɗaya ba. Ita ta gyara mini rubutun hannu, don ta ce nawa kamar kaza ta bi ta kan jiƙaƙƙen siminti. Ta fi shekara talatin a aji ɗaya. Sau da yawa an so a mayar da ita manyan azuzuwa, ta ƙi, ta ce ita tana so ta kasance a wurin ranar da yaro zai fara gane cewa zanen da ke jikin allo magana yake yi. A shekarun da gari ya cika da mutanen da suka baro ƙauyukansu, ajinta ya tumbatsa da yaran da ba su jin Hausa, wasu sai Barbarci, wasu sai Larabcin Shuwa. Kowa da harshen da take tarbarsa da shi a bakin ƙofa.

A cikin wannan hali ne wata ƙungiya ta kawo mana kwamfutocin hannu, irin masu faɗin nan da ake ce wa tabulet, aka kafa sola a rufin ofis don caji. Aka ce da su za a riƙa koyar da karatu a ƙananan azuzuwa. Da yake ni ce ƙarama kuma mai yawan latse-latsen waya, ni aka tura bita ta mako guda a wani zaure a GRA, don in dawo in koya wa sauran. Na dawo da takardar shaida da jaka mai tambari, da kuma wani kai da ƙofar ofis ta kusa yi masa kaɗan. Gaskiya ce, ba zan ɓoye ba.

Kullum bayan an tashi sai mu zauna a gindin darbejiya, malamai takwas, ina tsakiya ina bayani. Cikin kwana uku kowa ya kama, har da Malam mai koyar da Larabci da muke tsammanin shi zai ba mu wahala. Ya Falmata kuwa in ta ɗora yatsa a gilashin, ko gezau. Ta sake taɓawa, shiru. Ta danna har farcenta ya yi fari, abu ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ni kuwa ina miƙa hannu in taɓa wuri ɗaya, sai ya buɗe kamar jira yake. Ta ajiye shi a cinya ta ce, “Abin nan ya ƙi ni.” Muka fashe da dariya. Wani ya ce ai tabulet ɗin Bafulatani ne, ya gane 'yar'uwarsa. Ita ma ta taya mu dariya, amma na ga yadda ta mayar da hannunta cikin lafaya.

Sai na shiga maimaita mata darasin a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, da irin muryar da ake yi wa ɗan aji ɗaya. Wata rana ta katse ni ta karanto mini matakan duka da ka, daga kunnawa har kashewa, ba ta tsallake ko guda ba. Mai hankali da ya tsaya nan ya tambayi kansa yadda wanda ya haddace abu haka zai kasa yin sa. Ni ban tambaya ba. Na riga na yanke cewa tsufa ne da tsoron sabon abu, don haka aka ce mana a wajen bita, cewa za mu sha fama da tsofaffin malamai. Wani lokaci kuma sai abin ya amsa mata sau ɗaya ko biyu, in ce dace ne kawai.

Ana nan hedimasta ya tara mu ya ce ƙarshen zango wani jami'i zai zo daga ofis ya zauna a ajin kowa. Duk wanda bai iya aiki da tabulet ba za a ɗauke shi daga ƙananan azuzuwa. Ya Falmata ba ta da inda za a kai ta sai sito, ta riƙa raba alli da littattafai har ta yi ritaya. Ya ce ni zan rubuta masa sunayen waɗanda ban ga alamar za su iya ba, kafin zuwan jami'in. Ya kuma faɗa mini a gefe cewa in aji ɗaya ya tashi ba malami, ni za a ba.

To, a nan ne takardar take. Ina son ajin nan, wallahi ina son sa. Na daɗe ina kallon yadda iyaye ke tsayawa su gaishe ta a bakin hanya, ina cewa yaushe zan kai haka. Na zauna na rubuta suna guda ɗaya tak, da kyakkyawan rubutun da ita ta koya mini, a gefe inda aka nemi dalili na sa “shekaru”. Na gaya wa kaina cewa hutu ne zan sama mata. Na kai wa hedimasta, na fito na same ta a baranda, ta miƙo mini dabino na karɓa na ci.

Abin da ban sani ba, ita ba ta zauna ba. Duk lokacin hutun tara sai ta ari tabulet guda ta shige ajinta, ga wani ɗan littafi a gefe. Duk ranar da ya amsa mata sai ta rubuta ranar da lokacin, duk ranar da ya ƙi ta rubuta. Haka ta saba yi wa yaron da ya kasa karatu: ba ta cewa daƙiƙi ne, sai ta bi shi da lura har ta gano ko ido ne, ko kunne, ko yunwa. Wannan karon ita ce yaron, ita ce kuma malamar.

Saura kwana huɗu jami'i ya zo ta aiko a kira ni. Ta buɗe littafin ta nuna mini. Tabulet ɗin ya amsa mata safiyar Juma'a, makonni uku a jere. Ya amsa wata Litinin da ta biyo ta gidan biki kafin ta zo. Yakan amsa na ɗan lokaci in ta idar da alwalar azahar, sai kuma ya ɗauke. Sauran ranaku duka babu. Ta tambaye ni me ya haɗa waɗannan. Sai ta kamo hannuna ta ɗora nata a kai, tafin yana kallon sama.

Shekara takwas muna tare, ranar na fara kallon hannun nan da kyau. Kan yatsunta sun bushe sun yi tauri kamar fatar da aka shanya, duk sun tsattsage, alli ya zauna cikin tsagun har ba ya fita da wanki. Ta ciro 'yar kwalbar humra daga jaka, turaren nan na matan Borno da ba ta rabo da shi ranar Juma'a da ranar biki. Ta taɓa gilashin da busasshen yatsa, shiru. Ta ɗiga humra a kan yatsan ta murza, ta sake taɓawa. Ya buɗe. Ta shiga darasi, ta fita, ta koma, ta ƙara murya, ta rage, hannunta na tafiya kamar ta shekara tana yi. Ashe gilashin ba ya jin busasshiyar fata, ɗan danshi kawai yake nema.

“Fulata,” ta ce, “sau goma kin koya wa kaina abin nan. Ko sau ɗaya ba ki kalli hannuna ba.”

Ba da faɗa ta faɗa ba, tana ma murmushi. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Don in rufe kunya sai na ce ai ko yawu ta ɗan shafa zai yi. Ta harare ni ta ce shekara talatin tana hana yara lasar yatsa in za su buɗe littafi, yanzu da furfurarta za ta tsaya gabansu tana lasa? Ruwa kuma ta gwada, yana ɗiga a gilashi ya rikita shi, man shafawa yana dusashe shi. Humra dai, ta ce, ko ba komai abin zai koyi ƙamshin mutanen kirki.

Ina fita na nufi ofis in karɓo takardata. Hedimasta ya ce ai tuni an aika da ita wurin jami'in. Kwana huɗun nan ban ji daɗin abinci ba. Na so in faɗa mata, bakina ya kasa.

Jami'in ya zo, saurayi ne mai natsuwa, ya zauna a bayan aji da fayil a cinya, ina tsaye jikin taga ina hango rubutuna a saman takardunsa. Ya Falmata ta gaida yara da harsuna uku kamar kullum, ta ajiye kwalbarta a kan tebur a fili, ta ɗiga, ta fara. Ta raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da tabulet guda. Sai ta sa a ji sautin harafi daga ciki, ta rubuta shi a allo, ta sa kowa ya zana shi da yatsa a kan benci kafin ya taɓa gilashi. Ana tsakiyar darasi, bayan ta riƙe alli, abin ya ƙi ta. Ta taɓa sau biyu, babu. Ita kuwa ko a jikinta, ta dubi yara ta ce musu baƙon nasu ya ji ƙishirwa, a yi masa haƙuri. Ta goge hannu, ta ɗiga humra, ta ci gaba, yara na ta ƙyalƙyala dariya.

Da aka gama jami'in ya tambaye ta labarin kwalbar. Ta gaya masa, ta nuna masa littafinta da yatsunta. Ya daɗe yana juya fayil ɗinsa. Can ya ce yawancin sunayen da aka aiko masa daga sauran makarantu na tsofaffin malamai ne, kuma bai taɓa cewa ko ɗaya ya nuna masa hannunsa ba. Ya ciro takardata ya ɗora a tebur, ya ja layi a kan sunanta. Ya Falmata na tsaye a wurin tana ɗaure bakin jakarta, na ɗauka ba ta lura ba.

Ta riƙe ajinta har ta yi ritaya. A 'yan shekarun nan ta yi abubuwa da tabulet da ba a koya mana a bita ba. Farkon zango takan ɗauki hoton rubutun kowane yaro, ƙarshen zango ta sake ɗauka, ta kira uwarsa ta nuna mata biyun a jere. Na ga matan da ba su taɓa shiga aji ba suna share hawaye a kan wannan. Ta kafa doka cewa yaron da ya fi jin kunya a rukuni shi ne mai riƙe tabulet, don dole sauran su yi masa magana. Ta ɗinka wa kowane tabulet riga da ragowar atamfa. Kuma duk tabulet ɗin makarantar, ko na wane aji ne, sai da ya ɗauki ƙamshin humra, har mai gyaran da yakan zo ya ce in ya buɗe akwatinmu ji yake kamar ya shiga ɗakin amarya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Na'urorin sun fi na da sauƙi da sauri, darussan Hausa sun yi yawa a ciki, har da 'yan na Barbarci, abin da ta yi ta fata. Wannan da ta yi murna, da ta ce a ƙarshe an gane harshen sarauta. Amma na san abin da zai ɓata mata rai. Nakan leƙa wani aji in ga malami ya sunkuyar da kai yana karanto darasi daga gilashi tun farko har ƙarshe, bai ɗago ya ga cewa yarinyar da ke lungu ta yi barci ba. Da Ya Falmata ce, da ta tsaya a bakin ƙofa ta yi gyaran murya, ta tambaye shi ko tabulet ɗin ne aka kawo makaranta ya koyi karatu. Ita ba ta taɓa ƙin na'ura ba, kuma ba ta taɓa yarda ta shiga tsakaninta da fuskar yaro ba.

Da za ta yi ritaya, ita da kanta ta je wajen hedimasta ta ce a ba ni aji ɗaya. Ba ta cika shekara da ritaya ba ciwo ya kwantar da ita. Na je duba ta wata ranar Asabar da hantsi, na same ta a kan tabarma ta rame, amma bakin nan yana nan. Ta tambaye ni yara ɗaya bayan ɗaya. Na ga in ban faɗa ranar ba, ba zan sake samun dama ba, sai na fara, ina in-ina, cewa akwai wata takarda. Ta ɗaga hannu.

“Na gan ta tun ranar, a kan teburina. Ni da na gyara miki rubutu zan kasa gane shi? Har na ji daɗi, kin rubuta sunana da kyau.”

Na fashe da kuka, na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun kafin jami'in ya kai bakin ƙofa, kuma ai ba a riƙe baiwa da laifi, hankalinta ne iyakar nan. Na yi dariya cikin hawaye. Da na tambaye ta me ya sa duk da haka ta ba ni ajin, sai ta ce don ta ga fuskata a jikin taga ranar nan, ta san na ji abin a jikina, kuma malamin da ya taɓa yanke wa mutum hukunci ya ji kunya ya fi wanda bai taɓa ba. Ta sa 'yarta ta ɗauko kwalbar humra ta ba ni. Na ce ni yatsuna lafiya lau suke. Ta ce in dai ajiye.

Na ajiye ta a aljihun tebur ɗin aji, shekara shida ban buɗe ba sai in kewarta ta dame ni in shaƙa. Tun daga lokacin malamai da yawa sun bi ta hannuna a kan koyon tabulet, kuma ban sake rubuta sunan kowa ba sai na zauna kusa da shi na ga inda abin yake tsaya masa. Wata ashe tabarau take bukata. Wani kunyar tambaya ce a gaban ƙanana. Ban taɓa samun wanda shekaru kaɗai suka hana ba.

Watan jiya aka kawo mana sababbin na'urori. Aka tura Malama Hauwa bita, yarinya mai ƙoƙari da ta zo mana bara, ta dawo da jaka mai tambari. Muka zauna a gindin darbejiyar nan, tana tsakiya. Na gama darasi ke nan, na ɗauki tabulet ɗina na taɓa. Shiru. Na sake taɓawa, na danna. Malama Hauwa ta matso kusa da ni cikin ladabi, ta sassauta murya, ta fara yi mini bayani kalma ɗaya-ɗaya: “Anti, kada ki ji tsoro, nan za ki taɓa, a hankali.”

Na juya tafin hannuna na duba. Ga tsagun nan, ga alli a ciki. Ban san lokacin da suka zama haka ba. Dariya ta kama ni har hawaye suka zubo, malamai na kallona suna tunanin ko lafiya. Na tashi na je aji na ɗauko kwalbar. Ta kusa ƙafewa, amma ƙamshin na nan, kuma ɗan abin da ya rage ya isa. Na ɗiga, na murza, na taɓa, ya buɗe.

Ya Falmata ba ta bar gida mai bene ba, ba a sa wa ko aji guda sunanta ba. Abin da ta bari shi ne ɗaruruwan mutane a garin nan da suka fara haɗa baƙi a gabanta, da kuma ɗabi'a ɗaya da ta dasa mini da ƙyar, ta duba mutum kafin a yanke masa. Allah ya jiƙan Ya Falmata, ya haskaka kabarinta, ya sa ƙamshin aljanna ya fi na humrarta.

Ranar na ba Malama Hauwa labarin duka, har da takardar, ban rage komai ba. Sai ta ce hedimasta ya ce ita ma ta kawo masa sunaye kafin ƙarshen wata, kuma ta riga ta fara rubutawa. Ban tambaye ta ko sunana na ciki ba. Na kamo hannunta na ɗora nawa a kai, tafin yana kallon sama, na ce mata ta fara daga nan.